Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Magabata sun ce ciwon ido sai haƙuri. A zamanin da suka faɗi haka ba su da abin da ya wuce haƙurin, domin babu asibiti, babu likita, balle kwalbar magani. Yau kuwa al'amari ya juya, magani ya yi yawa har ya zama shi ne abin tsoro. A birnin Bauci, daga Kasuwar Wunti zuwa ta Muda Lawal, daga Jahun zuwa Yalwa, kantunan magani suna ko'ina, kuma da wuya a sami wanda ba shi da 'yan kwalaben nan na ɗigawa a ido. Mai ciwo ya zo da hannu a fuska, ya ce a ba shi maganin ciwon ido, a miƙo masa, ya biya, ya kama gabansa. Ba a tambaye shi yaushe ciwon ya fara ba, ba a buɗa idon an duba ba. Wani ma ba ya zuwa da kansa, yaro yake aikowa da tsohuwar kwalba, a ce a ba shi irinta.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, babu wani abu guda ɗaya mai suna maganin ciwon ido. Zafin ido alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Cututtukan da ke kawo shi suna da yawa, kowace kuwa da nata magani. Ɗigon da ya warkar da maƙwabci jiya yana iya makantar da mai gida yau, alhali su biyun da jan ido da zogi suka yi kuka.

Batun ba na wasa ba ne ga mutanen wannan yanki. Tsakanin 2005 da 2007 aka yi binciken makanta a Nijeriya baki ɗaya, aka duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka tarar kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekaru makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya. Arewa maso Gabas, inda Jihar Bauci take, ita ce a gaba da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuwa 2.8. Abin takaici kuma, kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya hanawa ce ko a warkar. Yankin da makanta ta yi wa irin wannan katutu bai kamata ya yi sakaci da abin da yake zubawa a idonsa ba.

AWO KAFIN MAGANI

Ma'aikatan ido ba ɗaya suke ba. Akwai likitan ido mai fiɗa, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware a kan ido. Akwai ma'aikatan jiyya da aka horar musamman a kan ido, akwai mai yanka gilashin tabarau. Sai kuma likitan awon ido, wanda jama'a da yawa suka ɗauka aikinsa ba da tabarau ne kaɗai. Wannan shekara shida yake yi a jami'a. Jami'ar Benin ce ta fara horar da irinsu cikin shekarun 1970, yanzu kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana yi. Dokar soja mai lamba 34 ta 1989 ita ta kafa hukumar da ke yi musu rajista, ta kuma shata musu iyaka: su auna ido, su gyara gani da tabarau, su yi maganin ƙananan cututtukan da ba sa barazana ga ido, su ba da taimakon farko. Abin da ya wuce haka sai su miƙa ga likitan fiɗa. Sanin wannan iyaka, da miƙa marar lafiya gaba cikin lokaci, shi ne rabin gwanintarsu.

Idan mai zafin ido ya zauna gaban irin wannan likita, magani shi ne abu na ƙarshe da za a taɓa. Da fari tambaya ce: yaushe ya fara, ido ɗaya ne ko biyu, wani abu ya faɗa ciki, wace sana'a yake yi, me ya riga ya ɗiga, yana da ciwon sukari, ko asma, ko sikila. Sa'an nan a sa shi ya karanta allon haruffa daga nesa ta mita shida, ido ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi boko ba kuwa akwai allon da nuni kawai zai yi da yatsa. A juya fatar ido a duba ƙarƙashinta, domin nan ne tsakuwa ke ɓuya. A sa wani rini ruwan ɗorawa a haska da shuɗiyar fitila, duk inda baƙin ido ya kuje sai wurin ya fito kore shar. A duba da na'ura mai ƙara girman abu, a auna matsin ruwan da ke cikin ido. Duk wannan ba ya cin rabin sa'a, amma shi ne ke raba ciwon da zai warke da kansa cikin kwana biyu da wanda zai tafi da ido cikin kwana biyu.

ƊIGON DA BA A BA MUTUM YA TAFI DA SHI

Baƙin ido yana lulluɓe da wani tantani garai-garai kamar gilashi. Babu wani wuri a jikin ɗan Adam da jijiyoyin jin zafi suka taru kamar nan, shi ya sa ƙwayar rairayi ɗaya take hana ƙato barci. Masu walda sun fi kowa sanin haka. Wanda ya yi aiki babu abin kare ido, ko yaron shago da ya tsaya kallon tartsatsi, hasken yana ƙona saman tantanin nan ba tare da ya ji komai ba a lokacin. Sai bayan sa'a 6 zuwa 12, galibi da tsakar dare, ya farka kamar an zuba masa yashi, hawaye na zuba, ya kasa buɗe ido.

Idan aka kai shi asibiti akan ɗiga masa maganin kashe jijiya domin a sami damar dubawa. Kafin minti ɗaya zafin ya ɗauke ƙaf kamar an yi ruwa an ɗauke. Nan take sai ya fara roƙon a ba shi kwalbar, likita kuwa ya hana, shi kuma ya tafi yana ganin an yi masa rowa. Tun 1884, lokacin da wani matashin likita mai suna Karl Koller ya nuna a birnin Biyana ta Ostiriya cewa ana iya kashe jin zafin ido da ɗigo, wannan magani ya zama babbar ni'ima ga masu fiɗar ido. Amma aikinsa ba ya wuce minti 15 zuwa 20, saboda haka wanda ya tafi da shi gida zai yi ta ɗigawa dare da rana. Yawan ɗigawar yana hana sabuwar fata tofowa a kan raunin. Idon da ya daina jin zafi kuma ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, mai shi yana iya murza shi ya ƙara yage shi bai sani ba. A ƙarshe ƙaramar kujewa ta koma gyambo, gyambon ya narkar da tantanin, wani lokaci har ya huje.

Abin da ke wa mai walda magani kuwa ba shi da wuya: man ido mai kashe ƙwayoyin cuta domin kada raunin ya harbu, ƙwayar rage zafi ta sha, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a ɗora bisa fatar ido, da zama a ɗaki mai duhu. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ido ya koma daidai. Idan ɗan ƙarfe ne ya maƙale, babu ɗigon da zai narkar da shi, sai an cire shi a asibiti kafin ya yi tsatsa, ba da allura ko tsinke ko harshe a bakin shago ba. Masu fasa dutse a gefen gari da maƙera su lura da wani abu: ɓarɓashin da ya tashi da ƙarfin guduma yana iya ratsawa har cikin ido, zafin kuwa ya zama kaɗan. Ƙarancin zafi a nan ba shaidar sauƙi ba ce.

MAI SAURIN AIKI, MAI SAURIN ƁARNA

Babu maganin da ya kai dangin sitiroyid farin jini a kantuna. Su ne irin su betametason da deksametason, waɗanda ke cikin ɗigo kamar Betnesol-N da Maxitrol a haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A hannun likita magunguna ne masu daraja, sun ceci idanu ba adadi, musamman bayan fiɗa da kuma lokacin kumburin cikin ido. Farin jininsu ya samo asali ne daga saurinsu: ja ya washe, ƙaiƙayi ya kwanta, zogi ya lafa, duk cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan saurin shi ne tarkon.

A ɗauki misalin yaran nan masu ƙaiƙayin ido, waɗanda kowace unguwa tana da su. Yaro ya yi ta murza ido, farin idonsa ya koma ƙasa-ƙasa, da safe a ga kwantsa mai yauƙi, abin ya lafa ya dawo shekara da shekaru. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, jikin yaron ne ba ya jituwa da ƙura da makamantanta, kuma galibi yakan bar yaro da kansa bayan ya balaga. Uwa ta sayi sitiroyid ta ɗiga, ta ga aiki kamar yankan wuƙa. Da ta daina, ƙaiƙayi ya dawo, ta sake saye. Haka kwalba ke bin kwalba har wata shida, har shekara.

Tun cikin shekarun 1960 likitoci a Amurka suka gwada suka tabbatar cewa idan aka ɗiga wa mutane wannan magani na mako huɗu zuwa shida, wajen mutum ɗaya cikin uku matsin idonsa zai hau, wajen biyar cikin ɗari kuwa zai hau ƙwarai da gaske. Yara sun fi manya saurin kamuwa. Matsin nan yana cin jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ja, jijiyar da ta mutu kuwa ba ta sake rayuwa. Bayan wannan, daɗewa a kan maganin yana kawo yanar ido ga wanda bai kai shekarun yana ba. Sai a wayi gari yaron da aka so a raba da ƙaiƙayi an raba shi da karatu. Nan ne maganar Hausawa ta garin neman gira a rasa ido take cika daidai. Likita yana da ɗigon hana ƙaiƙayi marar sitiroyid wanda yaro zai iya daɗewa a kansa. Idan ciwon ya tsananta har sai an haɗa da sitiroyid, na ɗan lokaci ne ƙayyadadde, ana yi ana auna matsin ido, sa'an nan a janye shi sannu a hankali.

Manomi kuma nasa hatsarin daban ne. Da kaka, wajen girbi da sussuka, ganyen dawa ko ƙaiƙayin gero yakan shafi ido ya kuje shi. Kayan gona suna ɗauke da ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, waɗanda ke shiga raunin su yi gyambo. Sitiroyid yana kwantar da sojojin jiki masu yaƙi da cuta, saboda haka ɗiga shi a kan irin wannan gyambo tamkar ɗaure kare ne a buɗe wa kura ƙofa. Zafi zai ragu kwana biyu ko uku, manomi ya koma gona yana murna, cutar kuwa tana ci ta ƙarƙashi. Kafin ya taso daga Dass ko Ganjuwa ko Alkaleri ya iso Bauci, farin tabo ya rufe baƙin ido. Wanda ya yi sa'a ya tsira da hakiya, wanda bai yi ba a cire idon ɗungurum. Duk wanda kayan gona suka shafi idonsa, ya kwana ya tashi da zafi da hawaye, asibiti ya kamata ya nufa a ranar.

AFOLO DA MAGUNGUNAN GIDA

Ciwon da ya fi tara jama'a a kantin magani shi ne Afolo. Ya fara ɓulla a Gana cikin 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata da kumbon Apollo 11, shi ya sa aka laƙaba masa wannan suna, daga can kuma ya bazu zuwa Nijeriya da sauran ƙasashe. Ƙwayar cuta ce irin ta bairas, wadda maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Kuloramfenikol da man tetirasaikilin da ake rububinsu ba sa kashe ta, ba kuma maganin zafi ba ne, iyakarsu su tsare ido daga wata cutar da ka iya hawa kan ta farko. Afolo yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. A nan kam maganar magabata ta haƙuri tana nan daram. Abin da ake bukata shi ne goge kwantsa da ruwa mai tsabta, wanke hannu da sabulu, da raba tawul da matashin kai da tsinken tozali da sauran mutanen gida.

Yawancin idanun da suka lalace a lokacin Afolo ba shi ya lalata su ba, abin da aka zuba musu ne: ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, ruwan batir, har da fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke iya huda baƙin ido cikin kwana biyu. Ita wannan ƙwayar ce kuma ke kama jariri wajen haihuwa, a ga idanunsa sun kumbura suna zubar da mugunya cikin kwanakin farko. Matsa masa nono a ido ɓata lokaci ne, jaririn allura yake bukata a asibiti, kuma a duba iyayensa. Sai a ƙara da cewa ba kowane jan ido ne Afolo ba ko da ana tsakiyar annobarsa. Afolo ba ya rage gani idan an goge kwantsa. Jan idon da ya zo da dushewar gani wani abu ne daban.

CUTA BIYU MASU KAMA DA JUNA

Akwai zafin da ba a saman ido yake ba, daga can ciki yake tasowa, ya riƙe gira da rabin kai. Cuta biyu ne suka fi kawo shi, ga wanda bai sani ba kuwa kamarsu ɗaya: ido ɗaya ya yi ja, gani ya dushe, zogi ya hana sakat.

Ta farko kumburin cikin ido ce, inda naman da ke kewaye da 'yar ƙofar da haske ke shiga yake kumbura ya ɗaure. Mai ita ba ya son haske ko kaɗan. Maganin zafinta shi ne ɗigon atirofin ko danginsa, wanda ke saki naman ya huta, ya buɗe ƙofar hasken, a haɗa da sitiroyid bisa awon likita. Atirofin yana dushe ganin kusa har wajen mako biyu, kuma guba ne idan yaro ya sha, don haka ake ɓoye kwalbarsa.

Ta biyu ita ce hawan jinin ido mai zuwa farat ɗaya. Sunan ne kawai ya ambaci jini, amma ruwan cikin ido ne hanyar fitarsa ke toshewa. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likita, a wannan hali kuwa yakan haura 50. Ido ya yi tauri kamar dutse, mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila, kai ya sara, har ya yi amai. Sau da yawa amai da ciwon kan suna sa a zaci zazzaɓi ne, a yi ta ba da maganin cizon sauro, ido kuwa yana mutuwa. Ta fi kama waɗanda suka manyanta, musamman mata. Ba a kwana da ita. Dole a saukar da matsin cikin sa'o'i kaɗan da ɗigo irin su timolol da ƙwayar Diamox, daga baya likitan fiɗa ya buɗe wa ruwan hanya.

To, atirofin ɗin da ya zama rahama ga mai cuta ta farko, idan aka ɗiga wa mai ta biyu ƙara toshe hanyar ruwan zai yi. Su kansu magungunan saukar da matsi ba kowa ake ba ba: timolol yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa ya kuma rage bugun zuciya, Diamox kuwa ana kaffa-kaffa da shi ga mai sikila da mai ciwon ƙoda. Wanda ke bayan kanta, komai kyawun nufinsa, ba shi da abin da zai raba waɗannan da shi.

Hawan jinin ido yana da wani nau'i kuma wanda ya fi wancan yawa nesa ba kusa ba, shi kuwa ba ya zafi sam. Binciken nan na 2005 zuwa 2007 ya nuna wajen mutum 5 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da hawan jinin ido, waɗanda suka san suna da shi kuwa ba su kai 6 cikin ɗarinsu ba, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance. Ashe ke nan zafi ba shi ne ma'aunin hatsari ba. Wanda ya kai 40, ko wanda a danginsa akwai mai wannan ciwo, ya kamata a auna masa ido ko da lafiya lau yake ji.

ƘWAYOYIN SHA

Abin mamaki, mafi amincin maganin zafin ido ba a ido ake sa shi ba. Farasitamol, ƙwaya biyu masu awo 500 ga babban mutum, kada su wuce takwas a yini da kwana, ya isa ya riƙe mai ciwo har ya kai asibiti, kuma ba ya ɓoye wa likita komai. Ibufurofen da dikulofenak sun fi shi ƙarfi, amma ba su dace da mai gyambon ciki ko mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Wanda aka buga a ido har jini ya taru a ciki ya nisanci su da asfirin, domin suna ƙara zubar jini. Tiramol da ake haɗiya barkatai ba shi da gurbi a nan, jaraba kawai zai ƙara wa mai shi.

Akwai kuma zafin da babu ƙwayar da za ta raba mutum da shi. Tela, da mai ɗinkin hula, da malamin da ke duba littafi da dare, idan sun haura shekara 40 sukan ji ido na ja musu da ciwon goshi bayan aiki. Tabarau suke bukata. Mai acaɓa da ke yini cikin iskar hunturu, da wanda ke ƙura wa waya ido ba ƙiftawa, bushewar ido ke damunsu, maganinsu tabarau mai tare iska da ɗigon da ke maye gurbin hawaye. Wani ma ciwon haƙori ne ko na kogon hanci yake haurowa ido, ai dama an ce abin da ya taɓa hanci ido ruwa yake.

ABIN DA BA YA JIRAN GOBE

Wuri ɗaya ne ake fara magani kafin a ga likita, maganin kuwa ruwa ne. Idan siminti, ko ruwan batir, ko sinadarin yin sabulu, ko maganin feshi ya shiga ido, ko kumurci ya yi wa mutum tofi a gona, sai a buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, sa'an nan a kama hanya. Idan kuwa wani abu ne ya soki ido, kada a wanke, kada a danna, kada a ɗiga komai. A kifa gindin kofin roba mai tsabta a kai a ɗaure, a tafi.

Bayan waɗannan, zafin da ya zo da raguwar gani, ko ƙin haske, ko amai, ko farin tabo a baƙin ido, ko ya biyo bayan duka ko fiɗa, duk ba sa jiran gari ya waye sau biyu. Haka nan yaro mai ƙyanda da ya rufe ido ya ƙi buɗewa.

Wanda likita ya rubuta wa ɗigo kuma, ya wanke hannu, ya ja fatar ido ta ƙasa, ya sa ɗigo ɗaya tak, domin ido ba ya riƙe fiye da haka. Kada bakin kwalba ya taɓa ido ko yatsa. Ya rufe idon, ya danna gefen da ke kusa da hanci na minti ɗaya ko biyu. Idan magani biyu ne, a bar minti biyar tsakani, man ido kuma shi ne na ƙarshe. Kwalbar da aka buɗe ta yi mako huɗu ta zama ta yarwa, ba a ajiye ta don wata rana, ba a kuma ara wa wani. A duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a nisanci wanda ya sha rana a faranti. Tsakanin 2022 da 2023 wani gurɓataccen ɗigon ido ya harbi mutum 81 a jihohi 18 na Amurka, huɗu suka mutu, 14 suka rasa gani, huɗu aka cire musu ido. Idan haka ta faru a inda ake sa ido ƙwarai a kan magunguna, to, na talla a tasha fa?

Mutanen Bauci ba su rasa wurin zuwa ba. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2010 a tsohon Asibitin Ƙwararru, akwai Asibitin Ido na Makka, ga kuma likitocin awon ido masu zaman kansu. Abin da ya gagara ana turawa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda yake aiki tun 1943. Matsalar tana ga mutumin ƙauye, wanda kuɗin mota ya fi masa kuɗin kwalba nauyi. Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta sa likitocin awon ido da ma'aikatan jiyyar ido a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ta kuma koya wa ma'aikatan ƙananan ɗakunan shan magani alamun da ake tura marar lafiya gaba saboda su. Hukumar da ke kula da masu harhaɗa magunguna ita ma ta matsa lamba, domin lasin ɗin ƙananan kantuna bai ba su iznin sayar da sitiroyid da ɗigon kashe jijiya ba.

Masu kantunan su ma suna da rabonsu na lada ko na alhaki. Mai kantin da ya ce wa mai ciwo ga farasitamol, maza ya tafi a duba shi, ya yi asarar cinikin kwalba ɗaya, amma ya tsare wa magidanci abin da yake neman abincin iyalinsa da shi. Su kuma likitocin awon ido, su daure su riƙa yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji, musamman dalilin hana su abin da suka roƙa, domin wanda aka hana ba a gaya masa dalili ba, kanti zai koma ya saya.

Haƙurin da ake nema ga mai ciwon ido a yau shi ne na bin layin asibiti, da na zama a auna shi kafin a ɗiga masa komai. Allah ya tsare wa jama'a ganinsu, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.